Suwaitar Mukarrama

Da wuya ka sami yaron da aka haifa a Furana cikin shekaru ashirin ɗin nan wanda bai sa hular Lantana ba. Saƙa ce sana'arta: hular sanyi, safa, 'yar suwaita. Wurin matar wani malamin makaranta ta koya tun tana amarya a gidan mijinta Maiwada, kuma kwarashi bai sake barin hannunta ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Murja. Mijin Murja malamin dabbobi ne, aka tura shi aiki Gembu, can kan duwatsun Mambila, tafiyar kwana biyu a mota. A shekarar ne kuma Maiwada ya faɗi a gonar rake, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga ranar Lantana ba ta ƙara kwana a wani gari ba. Ko da Murja ta haifi 'ya mace aka sa mata Mukarrama, a waya ta yi barka.

Murja 'yar fari ce, Lantana ba ta faɗin sunanta, balle ta buɗe baki ta ce tana kewarta. Iyakarta ta tambaya, "Garin naku da sanyi?"

"Inna, nan ko da rana sai da bargo."

Sai ta zauna ta saƙa wa jikarta, wadda a lokacin ta riga ta fara tafiya, suwaita da zaren roba mai sheƙi, ruwan hoda, irin wanda matan Furana ke rububi. Ta ba Bobbo, wani direban motar kaya ɗan Ikara da ke zuwa can wata-wata. Bayan mako biyu Murja ta kira, tana ta kwana-kwana.

"Ta yi kyau ƙwarai, Inna. Sai dai wuyan yarinyar ya feso da ƙuraje, muka cire mata."

Lantana ta ce to, Allah ya sawwaƙe. Wunin ranar ba ta taɓa zare ba.

Ranar kasuwar Makarfi ta bar Maiwada a hannun ƙanwarsa, ta je rumfar Malam Sada mai zare. Ta riƙa ɗaukar dunƙule tana gogawa a kumatunta tana ajiyewa.

"Hajiya, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Duk roba ne. Ulu na gaske ya daina zuwa mana."

Ya tsinko ɗan zare ya ƙyasta masa ashana, ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin. "Kin gani? Na gaske ƙaurin gashi yake yi, ya zama toka. In shi kike so, ki leƙa 'yan gwanjo."

A can ta tono wata tsohuwar suwaitar maza mai launin madara, gwiwar hannunta a huje. Ta tsinki silin zare ta ƙona, ta ji ƙaurin gashi. Kwana uku tana warware ta. Zaren ya fito a nannaɗe, ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta rataye a inuwa da dutse a ƙasansa har ya miƙe. Maiwada ne ya riƙe mata da hannunsa mai lafiya tana dunƙulewa. Wuyan rigar kuwa da zaren auduga ta yi niyyar yi, don kada a maimaita.

Saura awo. Ta sa Murja ta aiko Bobbo da zare mai ƙulli uku: ƙirji, hannu, tsawo. Da ya iso ta shimfiɗa shi a cinyarta ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce wa Maiwada, "ashe yarinyar nan ta kai haka."

Ta gama saƙar wata guda kafin babbar Sallah, amma ta ƙi aikawa, don Murja ta yi alkawarin zuwa, ita kuma tana so ta sa wa yarinyar da hannunta. Ta shafe ɗaki, ta tanadi gero. Saura kwana biyar Murja ta kira: ciki ne da ita, likita ya hana ta doguwar hanya.

Rigar ta ƙara mako biyu a ƙarƙashin matashin Lantana. Maiwada ne ya yi magana, da harshensa mai nauyi. "Ki aika wa amaryata kayanta, kafin ta fi ƙarfinsu."

Ta aika.

Ranar wata Juma'a da hantsi waya ta yi ƙara. Murja ta ce, "Inna, ga mai magana." Sai ta ji numfashi. Can wata 'yar murya ta ce, "Kaka, da ɗumi."

Lantana ta dafa bango ta zauna a bakin ƙofa.

"Ban ji ba," ta ce. "Wayar na katsewa. Sake faɗa."

Sarai ta ji. Sau uku tana sa yarinyar maimaitawa, har Mukarrama ta gaji ta ruga wurin wasanta.