Ranar da Aka Daina Zagin Tanti Melvina

A bakin tekun Mayaro, inda itatuwan kwakwa suka jeru har iyakar ganin ido, akwai wata rumfar ganye da tebur ɗaya wanda ruwan gishiri ya cinye wa ƙafafu. Nan Tanti Melvina (Tanti muke ce wa kowace dattijuwa) ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana gyaran kifi. Masunta su jawo taru, masu saye su zaɓa, ita kuma ta kankare, ta farke ciki, ta wurga wa ungulaye rabonsu. Hannu na aiki, baki na nasa aikin, kuma in ka tambaye ni, bakin ya fi hannun kawo mata jama'a.

Mu a nan pikong muke ce wa abin: baƙar magana ta wasa da ake jifan mutum da ita a bainar jama'a, ya rama nan take ko a yi masa dariya har gida. Melvina wurin kakarta ta gada, shi ya sa zaginta na dā ne, irin wanda babu batsa a ciki, sai dai ka koma gida kana duba madubi. Ta taɓa ce wa direban motar ƙanƙara kunnuwansa sun riga shi isowa da minti biyar. Wani ɗan birni kuwa, mai farin wando da tabarau, ya taɓa toshe hanci a gaban teburinta ya ce, "Ke tsohuwa, warin kifi kike yi."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Gaskiyarka, ɗana. Ni kifi nake taɓawa tun asuba. Kai kuma me ka taɓa?"

Mutumin ya bar kifinsa a nan, bai dawo ɗauka ba.

Amma abokin karawarta na gaske Hollis ne, mai ɗinkin taru, wani dogon tsoho da ke zama a kan kifaffen kwalekwale daura da rumfarta. Tun suna samari da 'yan mata suke wannan yaƙi, kullum da safe, kafin ma a ce ina kwana.

"Melvina, rufe bakin nan mana, jiragen ruwa na ɗauka mashiga ce!"

"A'a, ashe zalɓe ya iso. Hollis, yaushe za ka mayar masa da ƙafafunsa da ka ara?"

"Ni dai da hankalina."

"Hankali? Ranar da ake rabonsa ai da taru ka je ɗiba."

Sai masunta su buga cinya su yi ta kuwwa. Wasu na cewa ya taɓa sonta, wasu na cewa ita ce ta so shi. Oho. Kowa dai ya yi aurensa daban, kowa ya binne nasa, safiya kuma ba ta taɓa wucewa ba su gaisa da duwatsun nan nasu ba.

Abin yana da doka, ko da yake babu wanda ya taɓa rubuta ta. Ba a taɓa uwa. Ba a taɓa inda ke yi wa mutum ciwo da gaske. Sannan ba a yi wa wanda ya kama hanyar tafiyar da ba a dawowa. Shi wannan sai lallashi da murya ƙasa-ƙasa, kowa ya zama ɗan kirki a gabansa. Duk Mayaro an san haka, har akan ce in ka ga mutanen nan sun fara yi maka ladabi, aika a kira fadan coci ya yi maka addu'ar ƙarshe.

A damunar da ta cika saba'in da huɗu, wani ciwo ya kama Melvina a ciki. 'Yarta Verna ta kai ta asibitin birni, suka yi sati biyu. Likita ya yi wa Melvina murmushi, sannan ya ja Verna waje suka daɗe. Da suka dawo gida Verna ta ce, "Mama, ya ce hutu kawai kike buƙata." Ta ɗaura mata ragar lilo a baranda, wajen da ke kallon teku.

Kwanakin nan sun wuce mata tsakanin barci da farke. Da safe hazon ruwa yakan kwanta a kan teku har ba a gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara, kwalekwale su yi ta shawagi a cikinsa ba sauti. Takan lumshe ido ta ga kakarta tsugune a bakin ruwa da ɗankwalinta mai ja da rawaya, tana wanke wuƙa tana yi wa wani baƙar magana, amma iska ta kwashe ƙarshen maganar. Takan ji ƙamshin shayin cakulan da kirfa daga wani ɗakin girki da aka rushe tun tuni. Ta buɗe ido, sai ta ga ganyen kwakwa kawai yana kaɗawa. Daɗi abin yake yi mata, kuma daɗin ne ya fara ba ta tsoro.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Direban motar ƙanƙara ya cire hula ya ce, "Tanti, kin yi kyau yau." Matan coci suka kawo miyar ganye da ƙaguwa, suna magana a hankali. Wani masunci da ta shekara ashirin tana kira ƙaton kabewa ya durƙusa ya ce ta sa masa albarka. Ta jefa masa ɗaya mai zafi don gwaji. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Tanti."

Haka ne, Tanti! Wannan kalma ta fi ciwon cikin yi mata zafi. Sai ta tuna Ina, ƙawarta mai soya kifi, wadda ita kanta ta je wa dubiya a ciwon ajalinta shekarun baya ta yi ta zuba mata zuma a kunne. Ta tuna yadda Ina ta dube ta, ta juya fuska bango. A lokacin ta ɗauka gajiya ce. Yanzu ta gane, kunya ta kama ta, ta yi kuka ita kaɗai a cikin lilon.

Mutuwar ba ita ce ta dame ta ba, wannan ta gama lissafa ta tun a mota. Abin da ta ƙi shi ne a binne ta da ladabi tana numfashi. Hollis kuwa ko leƙowa bai yi ba.

Ran wata Talata da safe, Verna na bayan gida tana shanya, Melvina ta sauko daga lilo, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandar tsintsiya ta dogara. Tafiyar da take yi a minti biyar ta ɗauke ta kusan awa. Yashi na tsotse ƙafarta, tekun na matsowa yana ja da baya, mutane na buɗa mata hanya suna sannu, sannu. Ta wuce su har ta tsaya a gaban kifaffen kwalekwalen.

Hollis ya miƙe, tarun ya zame daga cinyarsa. Ya ce, "Melvina... zauna mana. Ya jikin?"

"Kai ma?"

Ya sunkuya yana tattara tarun.

"Shekara hamsin ina ciyar da kai da baƙar magana, yau ka rasa ɗaya da za ka ba ni? Dube ni, tsohon banza. Ina tsaye ko ba na tsaye?"

Masu jan taru suka tsaya da igiya a hannu. Hollis ya dube ta, ya ga yadda rigar ta yi mata yawa. Idonsa ya cika. Ya sani in ya buɗe baki ya karya dokar da aka haife shi a cikinta, mutane za su ce ba shi da imani. Duk da haka ya ce:

"An ce mutuwa ta zo gidanki jiya. Ta leƙa ta taga ta gan ki ba hoda, ta ce bari ta koma ta taho da yayyenta."

Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Haba, Hollis!" Amma Melvina ta riga ta fashe da dariya, dariyar da ta sa ta riƙe ciki ta zauna daɓas a kan kwalekwalen, hawaye na zuba. Da ta samu numfashi ta ce, "Sati uku kana tara baki, wannan ka iya haɗawa? Kai, an yi asarar tsawo. Gobe ka zo gida da wadda ta fi ta."

Ya kuwa zo. Kullum da safe, kafin ya taɓa taru, sai ya tsaya a ƙasan barandar ya jefa, ita ta rama daga cikin lilo. Verna ta yi fushi da farko, daga baya ta riƙa ajiye masa shayi. Sauran mutane ma suka yi ƙarfin hali, har direban motar ƙanƙara ya samu ya rama na kunnuwansa. Muryar Melvina ta yi ta ƙanƙancewa, sai Hollis ya hau matakala ya sunkuya kafin ya ji, amma ko sau ɗaya ba ta bar shi ya tafi da ta ƙarshe ba.

Safiya goma sha tara suka yi haka. A ta ashirin ya fito da wata da ya ce tunda yake bai taɓa haɗa irinta ba, yana tafe yana dariya shi kaɗai a kan yashi. Da ya sha kwanar gidan sai ya ga an kwance lilon, mata na share tsakar gida, ana jera kujeru.

Yana nan har yanzu a kan kwalekwalensa, idon ya yi rauni amma yana ɗinki. Mun sha roƙonsa ya faɗa mana waccan ta ashirin ɗin, ko don mu yi dariya. Sai ya girgiza kai, ya ja zare da haƙori, ya ce ba tamu ba ce, da mai ita.