Zoben Ƙarshe na Bishiyar Kawu Ozell

Kawu Ozell Gainey yayan mahaifiyata ne. A dajin fayin, wata doguwar bishiya mai ƙaro, ya tashi, can kudancin jihar Jojiya inda ƙasa duk yashi ce. Mahaifinsa tsaga bishiya yake yi yana tatsar ƙaro, shi ma ya taɓa yi kafin sana'ar ta mutu. Abin da ya rage masa daga wancan zamani ɗan daji ne a bayan gida, da wata tsohuwar bishiya mai tabon tsaga a gindi, tabon hannun mahaifinsa. Tsohuwa yake kiranta, kuma ko 'ya'yansa ba ya yarda su jingina keke da ita.

Duk ƙarshen sanyi yakan sa wa dajin wuta kamar kowa a wajenmu, domin fayin ba ya tsoron wuta mai gudu, ita ce ma ke share masa sarƙaƙiya. Sai dai tabon tsaga cike yake da busasshen ƙaro, kamawa yake kamar kananzir. Don haka kafin ya ƙyasta ashana sai ya ɗauki manjagara ya janye ganyen da ya zube kewaye da Tsohuwa.

Da ciwo ya kwantar da matarsa, Inna Verlene, hayaƙi ya zama abin gudu a gidan. Shekaru suka wuce dajin bai ga wuta ba. A cikinsu aka yi fari mai tsanani, har rijiyarsu ta fara ba da laka. Inna ta rasu. Damina ta gaba ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya, da sanyi ya ja baya kuma Kawu ya ce zai ƙona dajin.

Maƙwabcinsa Purvis, abokin tsokanarsa tun na yarinta, ya zo taya shi.

"Kai tsoho, ka tuna ta inda ake riƙe ashana kuwa?" in ji Purvis.

"Ni da na koya maka sa wando? Matsa can, kada gemunka ya kama."

Kawu ya janye ganyen sama kamar kullum, har ya ga baƙi-baƙi a ƙasa, ya ɗauka ya kai turɓaya. Ashe ruɓaɓɓen ganye ne na shekarun da ba a ƙona ba, ya taru ya yi kauri, ƙananan saiwoyin bishiyar kuma sun hauro cikinsa neman danshi. Wuta ta wuce lafiya, tabon bai kama ba, suka koma baranda suka ci burodin masara suna dariya. Bayan kwanaki Kawu ya ga siririn hayaƙi yana fita daga gindin Tsohuwa. Wutar ta shige ƙarƙashi tana ci a hankali. Ya yi ta jigilar ruwa a bokiti har bayansa ya riƙe.

Tsohuwa ta yi kore har tsakiyar damina, ya fara sa rai. Sannan kanta ya soma ja, ƙwari suka shiga ɓawon, garin itace ya riƙa zuba a gindi. Da ta bushe ta karkata wajen gida, dole ya kira Purvis da injin zarto. Ina wurin ranar. Ta faɗi, ƙura ta tashi ta lafa.

Kawu ya durƙusa a kan kututturen, ya tofa yawu a babban yatsa ya goge fuskar itacen. Kowace shekara zobe ɗaya take bari, rabinsa fari na farkon tsiro, rabinsa ja mai duhu wanda ruwan ƙarshen damina ke ginawa. Daga tsakiya zobban suna da faɗi. Can kusa da ɓawo sai suka matse kamar gashin kai.

Purvis ya sa farce a wurin. "Ka gani ko? Shekarun farin nan ne. Yunwa ta riga ta gama da ita, Ozell. Ko ba ka ƙona ba tafiya za ta yi."

Kawu ya ci gaba da bin zobban da ido.

"Wallahi da gaske nake. Dubi nan, ko allura ba za ta shiga tsakani ba."

"Matso da yatsanka gaba," in ji Kawu.

Purvis ya matsa. Bayan siraran zobban akwai guda mai faɗi, jansa ya cika sosai, na shekarar da ruwa ya dawo. Bayansa sai ɗan fari-fari da bai ƙarasa ba, sai ɓawo.

"Ta sha ruwa," in ji Kawu a hankali. "Ta riga ta miƙe, Purvis. Warkewa take yi."

Purvis ya tashi ya je yana goge injinsa.

Tun daga nan Kawu bai ƙara sa wa dajin wuta ba. Na yi masa magana, Purvis ya yi, har ya ce shi zai riƙe ashanar. Kawu yakan ce, "To, baɗi." Yanzu sarƙaƙiya ta fi ni tsawo a bayan gidan, ƙananan fayin da suka tsiro a ƙarƙashinta kuma suna bushewa ɗaya bayan ɗaya don rashin rana.