Zaidu Mai Ɗanɗana Rijiya

A Tungar Gawo, can arewa da Filinge cikin kwari, in aka ce Zaidu ba sai an ƙara komai ba, kowa ya san mai haƙar rijiya ake nufi. Gajere ne mai faffaɗan ƙirji, ga taurin kai na ƙin ƙarawa. Tun yana shekara goma sha shida ya fara shiga rami, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana fita daga wannan yana shiga wancan, daga Bonkuku har Sanam.

Haƙa dai kowa na iya haƙa. Abin da ya raba Zaidu da sauran shi ne harshensa. A ƙasar Kurfai ruwa ba shi da nisa cikin kwari, amma hali biyu gare shi: nan garɗi, taku hamsin gaba zartsi, kanwa ta cika shi har sabulu ba ya kumfa. Zaidu kan ɗebi jiƙaƙƙen yashin farko a gindin rami, ya matse a tafin hannu, ya lasa. In ya yi shiru, a ci gaba da aiki. In ya tofar, a kwashe kaya, ko da an yi kwana goma ana shan wahala. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, shi kuma bai bar kowa ya manta da haka ba.

Rijiyarsa ta ƙarshe a garinsu ya haƙa ta, shekarar da mahaifiyarsa Muna ta rasu. Tsohuwar ta ƙare rayuwarta da tulu a kai, tana ɗauko ruwa daga nesa har wuyanta ya sandare. Bayan sadakar arba'in Zaidu ya ɗauki dagi ya nufi tsakiyar gari, bai karɓi ko ƙwayar hatsi daga kowa ba. Nufinsa duk gugan da aka ja, lada ya isa kabarinta. Mutane suka riƙa cewa Rijiyar Zaidu. Abin bai yi masa daɗi ba, amma bakinsa ya yi nauyin kama sunan uwa a bainar jama'a, sai ya bar su a haka.

Daga nan baya ya fara ciwo, motocin haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, kuma suka shigo ƙasar, masu neman Zaidu suka ragu. Sai ya bar matarsa Hajara da gona, ya tafi Yamai neman aikin gadi. Allah ya haɗa shi da Dokta Anisa, likitar yara, ita ma 'yar Filinge ce. A bayan gidanta akwai pisin, tafkin siminti da aka cika da ruwa don wanka da wasan yara kawai. Zaidu ya daɗe tsaye a bakinsa ran farko, yana lissafin garken shanu nawa zai shayar. Ruwan ya ɗan yi kore, amma da ya lasa ya ji garɗi.

Kwana uku da kama aiki Dokta ta kira shi.

"Baba Zaidu, ga gishiri buhu shida can. A juye shi cikin pisin."

"Cikin mi?"

"Cikin ruwan, Baba."

"Dokta, ruwanga na ɗanɗana shi, garɗi gare shi. Shekara talatin ina gudun gishiri cikin ruwa, yau ni ka zuba shi da hannuna? Ki yi haƙuri ki nemi wani."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ja shi ɗan ɗakin da injin yake. Ta nuna masa wani bututu da ake ganin cikinsa, da faifan ƙarfe jere a ciki, da wayoyin lantarki biyu.

"Ruwan gishiri in ya bi ta tsakanin ƙarfunanga, wuta ta taɓa shi, sai shi zama zabel kaɗan-kaɗan, irin wanda muke wanke asibiti da shi. Zabel ɗin shi kashe ƙazanta, in ya gama aikinai shi koma gishiri. Haka za shi yi ta kewayawa."

Zaidu bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Ya juye buhunan yana istigfari. Bayan kwana uku ruwan ya washe, har ya hango murfin kwalba a can ƙasa. Maimakon murna, haushi ya ji, don ba ya son abu ya yi daidai bayan shi ya ce ba zai yi ba.

Shekara bakwai ya yi a gidan, ya san injin nan ciki da waje. Ya san in faifan suka tara farin ɓawo irin na cikin tsohuwar buta, sai a jiƙa su cikin binegar, ruwan tsamin nan na kwalba, kada a kankare da ƙarfe. In ruwan sama ya sirka pisin, da lasa ɗaya zai ce gishiri ya ragu, mai gyara ya zo da abin awonsa ya tarar haka ne. Amma ko sau ɗaya bai tsoma ƙafa ciki ba. Mutumin da ya sauka rami gaba ashirin ya ce shi ruwa ba abin wasa ba ne.

Cikin damina ta bakwai Hajara ta kira shi a waya. Gudawa da amai sun shiga yaran gari, an binne guda. Majo Ibrah, babban ma'aikacin asibitin da ke kula da ƙauyukansu, ya aika ruwan rijiyar an auna, an ce daga nan cutar take. Har an kawo siminti buhu huɗu an jingine a zauren maigari, za a toshe bakinta, mata su koma foraj ɗin ƙauyen gaba, tafiyar awa guda.

Washegari da la'asar Zaidu ya sauka daga mota. Bai shiga gida ba, da jakarsa a kafaɗa ya zarce rijiya. Ya karɓi guga daga hannun wata mata ya ja, ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, jama'a na kallo.

"Wa yac ce ruwanga na da cuta? Yadda nib bar shi haka nit tarad da shi!"

Majo Ibrah na wajen, saurayi ne mai sanyin magana.

"Baba, ban ce harshenka ya yi ƙarya ba. Abin da ke ciki ne ba shi da ɗanɗano."

Ya nuna masa da hannu. Da aka haƙa rijiyar fili ne kewaye da ita. Yanzu gidaje sun matso, ga salga nan taku talatin, ga taɓon da dabbobi ke takawa a bakinta, ga igiya da guga yashe a ƙasa. Ruwan sama na kwasar duk wannan ya ratsa yashi da shi. Zaidu ya gani sarai, amma zuciya ta riga ta hau. Ya cika ƙwarya ya shanye, ya ƙara cika wata ya shanye, ya goge baki ya tafi gida.

Kwana uku ya yi a kwance, tsakanin tabarma da bayan gida. Hajara na dama masa ruwan gishiri da sukari, sai rana ta uku, da ta ga ya iya zama, ta dube shi.

"To, Malam, ƙaƙa garɗin?"

Ciwon ciki ya wuce, abin da ya rage ya fi zafi. Harshen da ya ci abinci da shi, ya yi alfahari da shi rabin rayuwarsa, ashe yana da iyaka. Rijiyar da ya haƙa don uwarsa ta samu lada kuma ita ce ta kashe ɗan mutane. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Hajara ta yi kamar tana gyaran tukunya.

A kwancen nan ya tuno koren ruwan pisin, wanda shi ma ya lasa ya ce garɗi gare shi. Ya tuno kuma bara an canja bututun injin, tsohon na nan cikin mangaza, ɗakin ajiyar kaya, faifansa sun gaji amma ba su mutu ba. Ya kira Dokta Anisa, ya tambaye ta ko tsohon bututun zai iya yi wa ruwan rijiya zabel. Ta ce abu ne mai yiwuwa, akwai asibitocin karkara da ke yin zabel ɗinsu ta wannan hanya.

"Amma sharaɗi guda, Baba. Majo ne zai auna, ba bakinka ba."

"Na ji, Dokta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Zuwa wajen Majo Ibrah ya fi masa hawan rami wuya. Ya tube takalmi a ƙofa, ya gai da yaron da bai kai ɗansa na fari ba, ya ce ya yi kuskure. Majo bai ja zancen ba. Tare suka je wa maigari, aka ɗaga toshe rijiya da sati uku, kafin nan kowa ya tafasa ruwan sha.

Ran kasuwar Filinge saƙo ya iso, bututu a naɗe cikin tsohon zane, da takardar awo da Dokta ta rubuta. Suka cire faifan, suka rataya su cikin bokitin ruwa a inuwar gawo, suka jona da batir da allon sola na asibiti. Zaidu ya hana a rufe bokitin, ya kori masu taba, don iskar da ke fita ba ta shiri da wuta. Sai dai ya yi karambani. Gishirin da ya zuba na lasar dabbobi ne, ja, shi ke kusa cikin rumbu. Kafin azahar faifan suka yi fari fat da ɓawo. Majo ya ɗiga ruwan bokitin cikin bido, wato jarkar ruwa, ya jefa 'yar ƙwayar awonsa, ruwa ya tsaya yadda yake, bai canja launi ba. Masu kallo suka watse suna ƙus-ƙus.

Zaidu ya lasa gishirin ya tofar. Kanwa ce a ciki, tsohuwar abokiyar gabarsa. Wannan kam aikin harshensa ne, da ya lasa tun farko. Ya jiƙa faifan cikin binegar, ya karɓo farin gishirin miya wajen Hajara, suka sake da safe. Kumfa ta riƙa tashi siri-siri, warin zabel ya bugi hanci. Bayan awa uku Majo ya zuba murfin kwalba ɗaya cikin bido, suka jira rabin awa, ya jefa ƙwayar. Ruwan cikin kwalbar awon ya juya ja-ja. Majo ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

Saura mata. Suka ce ruwan na wari, zai ɓata musu fura da shayi. A nan Hajara ta karɓi ragamar. Kullum da hantsi tana bakin rijiya da kwalbarta, ba bido ko tulun da zai wuce ba ta zuba masa awonsa ba, wadda ta yi gardama ta sha baƙar magana. Ta kafa itace aka riƙa rataye guga. Zaidu kuwa shi ke fara sha kowace safiya, a gaban kowa, yana yamutsa fuska.

"Ba shi da daɗi," yakan ce. "Ba ni yi muku ƙarya. Ku sha."

Wannan gaskiyar tasa ta fi wa'azi aiki. Sati uku suka zama shida, damina ta ɗauke, aka fara yankan hatsi, ba a sake kai yaro ko ɗaya asibiti da gudawa ba. Masu salgar kusa suka cike ta suka haƙa wata nesa. Zaidu ya aika wa Dokta cewa ta nemi wani mai gadi, ta ce ta riga ta sani.

Wata safiya maigari ya sa aka ɗauko buhunan siminti huɗun nan zuwa bakin rijiya. Zaidu ya zaci toshe ta za a yi. Ya tsaya riƙe da bokitinsa.

"Baba, kai ka san aikin," in ji Majo Ibrah. "A ɗaga bakinta, a yi mata daɓe kewaye, a ja wa dabbobi kwami can gefe. In an bar simintin nan zai daskare a banza."

Da bayan nan nasa mai ciwo Zaidu ya durƙusa ya yi aikin, bai yarda kowa ya riƙe cokalin gini ba. Da ya shafe daɓen, tun siminti na ɗanye, ya karyo tsinke ya miƙa wa Majo.

"Ni ban yi lakkol ba, ban san boko ba. Rubuta mini suna nan."

"Zaidu za ni sa?"

Zaidu ya girgiza kai. Sunan uwa ya yi masa nauyi a baki. Hajara ce ta faɗa daga bayansa, a hankali.

"Muna. Sa Muna."

Majo ya rubuta da manyan baƙaƙe. Zaidu bai iya karanta su ba, amma ya zauna a gefensu har rana ta yi tsaka, yana korar kaji kada su taka. Da siminti ya bushe mata suka matso da bidunansu, ta farko ta zura guga, ya ji ƙararsa da ya taɓa ruwa can ƙasa.