Hannun Matar Malam Fensir

A sashen ɗab'i na ma'aikatar lafiya, can ƙarshen baranda inda ƙarar injin ba ta barin a ji sallama, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Nan Malam Fensir ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda fensirin da kullum ke maƙale a bayan kunnensa. Har wanka yakan manta ya shiga da shi.

Aikinsa zane. Likitoci su rubuto bayani daga bene, mai gyaran rubutu ya tace, shi kuma ya zana hotunan da wanda bai iya karatu ba zai duba ya gane. Daga nan sai injin, sai teburin masu ninkewa da ɗinkewa, a ɗaure dami-dami a loda a mota. Mahaifinsa har ya rasu bai yarda wannan sana'a ce ba. Yakan ce, "Gwamnati ta rasa abin yi, ta ajiye ƙato yana zane-zane." Malam Fensir yakan yi dariya, amma maganar tana ci masa rai.

Hannu ne ya fi ba shi wahalar zanawa. Shi ya sa da aka zo yin littafin haɗa ruwan gishiri da sukari don yara masu gudawa, ya zaunar da matarsa a tsakar gida, ya miƙa mata kofi da cokali.

"Baban yara, girkina zai ƙone fa."

"Riƙe dai haka. Kar ki motsa."

Ya zana hannun yadda Allah ya yi shi, har da tabon ƙunar da tukunya ta bar mata a gindin babban yatsa.

Aka buga, aka raba, shekaru suka shuɗe. Bai taɓa ganin inda littattafansa ke zuwa ba, sai ranar da mai rabawa ya kwanta rashin lafiya, darakta ya ce ya raka direba. Suka yi ta bin ƙananan asibitoci suna sauke dami. A wani, bayan sun bar kwalta da nisa, ya tarar da mata jere a kan benci, ma'aikaciyar jinya tana nuna musu littafin nan. Ya yi laushi kamar tsumma, an ɗinke bangonsa da zare.

Direba, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Ga wanda ya zana shi nan."

Wata dattijuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne? To mai hannun nan fa, da gaske akwai ta?"

"Akwai ta, Inna. Matata ce."

"Ai na faɗa musu. Na ce wannan hannun ya san tukunya. Da shi na koya, na ba jikata lokacin da duk muka fid da rai, yanzu har ta shiga makaranta. Ka gaishe ta. Ka ce ta riƙa shafa mai a wurin."

Sauran matan suka kwashe da dariya, kowacce tana cewa a haɗa da tata gaisuwar. Malam Fensir ya fice waje. Ya zagaya bayan mota ya kama sauke dami, sai da direba ya tuna masa an riga an ba su nasu.

Da ya koma gida ya isar da saƙon. Matarsa ta ajiye tsintsiya.

"Wato duniya duk ta ga tabona? Ba ka iya gogewa ba?"

"Tabon ne ya sa suka yarda da ke."

Ta yi tsaki, ta ce shi dai ba a raba shi da abin kunya. Amma bayan la'asar ta aika aka kira ƙanwarta, ta sa shi ya maimaita labarin tun daga farko, tana tare shi duk inda ya tsallake.

Bayan ya yi ritaya aka kawo kwamfuta, hotuna suka koma masu kala. Sabuwar mai zanen ta sabunta littattafan sashen ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na ruwan gishiri da sukari, ta tako har gida ta gaishe su, ta nemi izinin a bar shafin hannun yadda yake. Matarsa ce ta amince kafin shi ya buɗe baki, kuma ta hana baƙuwar tafiya sai da ta ci abinci.