Sandar Kawu Yoshin

Gwaggo Toyo ƙanwar mahaifina ce. Kowa a unguwarmu ta Shiraho ya san a-kori-kurar da take yawon kai awara gida-gida da ita, tun ba a haife ni ba. A bayan motar, gefen bokitan awara, kullum akwai kwali da tawul da almakashi da safar hannu ta fata mai kauri. Kayan jemagu ke nan. Masu lambu kan lulluɓe gwaiba da mangwaro da raga, manyan jemagun tsibirinmu na Ishigaki su zo sha su sarƙe, su yi ta fizga har fiffike ya yage. Sai a bugo wa Gwaggo. Aikin sa-kai ne, likitan dabbobi na cikin gari ya koya mata.

Shi ya sa ba ta taɓa isa ko'ina a kan kari ba. Mijinta, Kawu Yoshin, yakan ce ko jana'izarsa sai an jira Toyo. Ranar da ya rasu kam ba a jira ta ba, hannunsa na cikin nata.

Soron biki ne na kwana uku da magabata ke dawowa gida ziyara, kuma na bara shi ne na farko bayan rasuwarsa. Da faɗuwar ranar farko ake ƙona damin bambaro a ƙofar gida, hayaƙin ya nuna wa magabata hanya. Tsofaffin mamata sun saba, amma sabo bai taɓa dawowa ba, in duhu ya yi ba hayaƙi yana iya ɓata. Baba Choei, yayan marigayin, tun da safe ya ja mata kunne.

"Toyo, yau ko jemagen Ishigaki kaf ne suka faɗa raga, ban yarda ba. Ƙanena ba zai tsaya a titi ba."

"Na ji, Yaya. Da hannuna zan kunna."

Ni na tuƙa ta cefane. Muka sayi naman alade da turare da kuɗin takarda na jabu da ake ƙona wa mamata. Wurin mai rake ta fi daɗewa, tana auna kowane kara da ƙugunta, don shi ne sandar da mamaci zai dogara ranar komawa, kuma Kawu dogo ne. Ta zaɓi biyu miƙaƙƙu, don bibbiyu ake ajiyewa, kowane hannu da nasa. Rana ta karkata muna kan hanyar gida wayarta ta yi ƙara. Tsoho Kabira ne, wanda suka yi firamare tare, lambunsa can arewa.

"Ke uwar jemagu, ɗanki na nan a ragata tun jiya. Ya daina motsi sosai."

"Tun jiya, Kabira? Bakinka ɗinke shi aka yi?"

"Na ɗauka zai fita da kansa. Yau kuma ba ranar kisa ba ce, ga baƙi na tafe. Ki zo ki ɗauke abinki."

Ta ajiye wayar a cinya, ta dubi rana. Na ce mata mu bari sai da safe. Ta ce ba zai kai safe ba. Na juya mota.

Mun same shi a rataye da ƙafa ɗaya, zaren raga ya nutse a fatar fiffikensa, harshe a bushe. Gwaggo ta rufe masa kai da tawul, ta shiga yanka zaren ɗaya bayan ɗaya. Ba a gaggawa a wannan aikin, in ka ja, fatar ce ke tafiya. Tsoho Kabira na tsaye yana mitar ragarsa sabuwa ce.

"In ka ɗaure ta da ƙarfi ba ta kama kowa," in ji Gwaggo. "Amma ina! Kai komai naka sako-sako, tun wandon makaranta."

Da ta fitar da shi, ya ƙi buɗe baki ga ruwa. Ta dubi bayan mota, ta zaro rake guda, ta karya a gwiwa. Ta daddatsa guntun, ta ɗiga masa ruwan a baki. Can sai harshen ya motsa. Ragowar ta gitta a cikin kwali, ya kama da faratansa ya rataye.

Asibitin dabbobi a rufe saboda biki, sai muka yi gida da shi. Rana ta faɗi muna tsakiyar gonakin rake. Gwaggo ba ta ce min in ƙara gudu ba, amma na ga yadda ta damƙe bakin kwalin.

Da muka shiga layinmu, ƙofar kowa sai toka mai sanyi. A tamu Baba Choei na tsaye da damin bambaro a hannu, bai kunna ba. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo.

"Na so in kunna," in ji shi. "Sai na tuna ba ni ya saba jira ba."

Gwaggo ta karɓa, ta durƙusa ta ƙyasta ashana. Hayaƙi ya tashi.

"Yoshin, ni ce. Na makara. Shigo, ka ji."

Muka tsaya har wutar ta cinye. A ciki ta jingina raken a gefen allon sunayen magabata, ɗaya dogo, ɗaya kuma guntun da ta zaro daga kwalin, da shatin haƙorin jemage. Baba Choei ya daɗe yana kallonsu.

"Da wannan zai koma?"

"Zai ɗan sunkuya, Yaya."

Kwana ukun nan kwalin na ƙarƙashin baranda, tana ajiye wa Kawu abincinsa sannan ta kai wa jemagen ayaba. Jemagen ya yi sati biyu wurin likita, aka sake shi a bayan lambun Tsoho Kabira, wanda yanzu ragarsa a ɗame take.

Bana ma ni na kai ta sayen rake. Ta sayi uku.