Ranar da Baba Ya Sa Basilla a Kafireta

Akwai wani tari da inji ke yi idan mai ya yi mashi yawa. Wanda mai ya ƙare mashi shiɗewa kawai yake yi, ya yi shiru. Shi wannan kuwa sai ka ji yana gurnani kamar tsohon da fura ta sarƙe, bututun salansa na tofar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido. Jiya da hantsi wani saurayi ya wuce ƙofar rumfata a Ƙanƙara bisa babur yana wannan tarin, sai da na ajiye abin da ke hannuna. Kai da ke karanta wannan, hayaniya kawai za ka ji ka wuce. Ni a cikin wannan ƙarar karatuna ya ƙare.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Faskari da Sabuwa, ƙasar dawa da auduga. Baba manomi ne, kuma duk yankin ba wanda ya san shanu kamarshi. Yana da bijimai biyu na huɗa waɗanda ake zuwa kallo daga wasu ƙauyuka. In dabba ta yi sanyi, magani ɗaya ne a wurinshi, a ƙara mata harawa, a jiƙa mata dusa da kanwa. Kuma yana yi. Shi ya sa in ya yi magana a dandali ba a ja da shi, a gida kuwa ko tari ba a yi in yana magana.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Ma'aikata suka samu ƙarin albashi, rediyo da babur suka cika gari, samari suka jingine fartanya suka nufi Kaduna aikin gini. Ƙanen Baba, wanda muke ce ma Baba Ƙarami, ya dawo daga can da lasin tuƙi da wando mai faɗin ƙafa. Shi ya zauna ma Baba a kunne, har bayan girbi aka kora bijiman nan kasuwar Sheme, aka dawo da wata tsohuwar a-kori-kura daga Funtuwa. Inna ta leƙo daga zaure ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ita dai ba ta ga inda za a ɗaura ma wannan garma ba.

Ni lokacin ina ajin ƙarshe na firamare, jarrabawar shiga sakandare na gabana. A zamanin nan in ka ci, gwamnati ce za ta ɗauke ka, ta ba ka gado da abinci da littafi, har sabulu. Gidanmu ba wanda ya taɓa kaiwa nan. Malamin ajinmu ya ce in dai na zauna jarrabawar, shi ba ya shakka a kaina. Ban da wani buri da ya wuce wannan.

Da farko motar ta yi abin kirki. Baba Ƙarami na tuƙi, Baba na gefe da carbi, ana kai auduga Daudawa, ana kwaso hatsi daga Damari. Amma fetur ɗin da ake saye na duro ne, da tsatsa da ƙasa a gindinshi, kayan da ake lafta mata kuwa sun fi ƙarfinta. Kafin zafi ya shigo ta fara kasa hawan tudu. Aka kai ta wurin wani bakanike a Ƙanƙara, ranar ba makaranta, na bi su.

Mutumin ya kwance kafireta, wato tukunyar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Ya zaro wani ɗan ƙarfen tagulla da bai fi ƙwayar masara ba, ya ce sunanshi jet, ya sa a baki ya hura, ya ɗaga shi sama har haske ya ratsa ta wani rami kamar kafar allura. Ya ce datti ne ya toshe shi.

Baba ya karɓa ya jujjuya. Ya ce, "Yanzu duk ƙatuwar dabbar ga, ta nan take cin abinci?"

Bakaniken ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai iska ce tuwonta. Fetur gishiri ne kawai."

Bai kamata ya yi dariyar nan ba. A hanya Baba ya yanke hukunci. Ya ce Turawa ne suka ƙera ta da rowa saboda mai na da tsada a ƙasarsu, mu kuwa ga shi nan kamar ruwan rijiya. Ya ce shi bai taɓa ganin san da aka ɗaure ma baki ya ja garma ba.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, ya sa Baba Ƙarami ya kwance mashi ɗan ƙarfen. Ya zauna bisa buzu a ƙofar gida, ya ɗauko basillar da ake ɗinke buhu da ita, ya yi bisimilla, ya dinga murzawa a hankali har bakinta ya leƙo ta ɗaya gefen. Baba Ƙarami na tsugune gabanshi. Na ga ya buɗe baki, na ga ya rufe. Da aka mayar aka tada inji, sai ta yi ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har kaji suka watse. Maƙwabta suka taru suna cewa lallai yau ta ƙoshi. Baba na murmushi yana goge hannu.

Ba a yi mako ba ta fara nuna hali. Fulogi su yi baƙi kamar gindin tukunya, in ta mutu da zafi ba ta tashi sai an tura, ka buɗe bonet warin ɗanyen fetur ya buge ka. Gyaran bai wuce a sayi sabon jet ba, abin da ake zubawa a faranti a kowace tasha. Amma kafin a saya sai an ce na farko ya lalace, kuma sai an faɗi wanda ya lalata shi. Wa zai faɗa? Ƙane ba ya duban yayanshi ya ce ka yi kuskure. Inna ba a sa ta cikin maganar mota. Bakaniken Ƙanƙara kuwa Baba ya ce ba za a sake taka wurin marar kunyar nan ba.

Sai Baba Ƙarami ya nemo dabarar da ba za ta taɓa girman kowa ba. Ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya ɗaure galan bisa rufin mota, ya jawo wani tiyo ta taga ya bi da shi zuwa kafireta. Ya ce ma Baba famfon mai ne ya gaji. Aikin shi ne wani ya zauna tsakiya ya riƙe tiyon, ya matse in ta fara tari, ya saki in za a hau tudu. Ana son mai kunne da saurin ganewa. Duk gidan aka duba, aka ce ai ga ɗan boko.

Haka na koma zama tsakanin iyayena biyu, yatsuna na yin aikin ɗan ramin da aka ɓata. Fatar hannuna ta yi fari ta tsattsage, abinci duk ɗanɗanon fetur. Da farko ranar kasuwa kawai nake rasa aji, daga baya kowace rana ta zama ta kasuwar wani gari. Malaminmu ya zo har gida bisa keke, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce a taimaka a sako mashi ni ko zuwa jarrabawa ne. Baba ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Ranar jarrabawa da kaina zan kai shi Faskari, cikin mota, ba da ƙafa kamar 'ya'yan wasu ba."

Ranar ta zo bayan ruwan farko, ƙasa na ƙamshi, sauran mutane na huɗa, gonarmu na kwance ba shanu. Inna ta wanke mani kayan makaranta ta sa su ƙarƙashin tabarma suka kwanta. Sauran yaran ajinmu tun ana gobe suka tafi da malam suka kwana can. Na roƙi in bi su, Baba ya ce ya riga ya yi magana. Da safe sai da aka tsaya aka loda buhunan masara, tunda dai hanya ɗaya ce da kasuwa. Na shiga da fensir a aljihu da tiyo a hannu.

Abin da ba mu sani ba, wanda sai da na girma cikin sana'ar kanikanci na gane, duk watannin nan rarar fetur na zurarewa cikin baƙin mai yana tsinka shi, inji na cin kanshi a hankali. A wani dogon tudu kafin duwatsun Faskari, na saki tiyo kamar kullum, sai muka ji ƙwal ƙwal daga ƙasa kamar ana dukan turmi da ƙarfe. Ta yi tsaye. Baba Ƙarami ya fita ya zaro sandar duba baƙin mai, ya shinshina, ya mayar, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ban jira ba, na sa gudu. Na isa makarantar da ake jarrabawar rana ta take, rigata ta jiƙe, na tarar ana tattara takardu. Malaminmu ya fito ya gan ni bakin taga. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Ya dafa kaina kawai ya juya.

Da na koma wurin mota da la'asar, Baba na zaune a inuwar buhuna, wasu matafiya sun tsaya jaje. Bai tambaye ni jarrabawa ba. Ya nuna ni da haɓa, ya ce masu, "Yaron ga ne ya cika matse mata wuya. Yunwa ta kashe ta."

Baba Ƙarami na nan tsaye, kuma bai ce uffan ba.

Ba a sake maganar makaranta ba. Shekarar nan da fartanya muka yi noma, an bar rabin gona ga ciyawa, hannuna ya fi amfani a can. Motar ta ƙare a bayan gida, awaki na kwana ƙarƙashinta. Daga baya na gudo Ƙanƙara, bakaniken nan mai dariya ya karɓe ni. Baba ya rasu yana ganin ni na kashe mashi mota, kuma mutanen garinmu da suka rage har yau haka suka sani.

Baba Ƙarami ya tsufa a hannuna. Wata rana ina gyara mashi filo, ba tare da na tambaya ba ya ce tun ranar da aka sa basillar nan aka tada injin ya san ƙarshen motar ke nan. Na ce to me ya hana shi magana? Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. Ya ce, "Haba ɗana. Yayana ne fa."

Yanzu motocin zamani ba su da kafireta, na'ura ce ke auna masu mai, ba ta jin kunyar kowa. Abin da ya rage mani babura ne da janareta da injin ban ruwa, su ma ana ce mani kwanansu ya kusa. Da yamma sa'o'ina kan zauna bakin rumfata suna kukan yaran yanzu ba su da ladabi, wai ɗa sai ya dubi ubanshi ido da ido ya ce Baba ba haka ba ne. Su ce a zamaninmu wa ya isa. Gaskiya suka faɗa, ba wanda ya isa. Ni dai ba na sa masu baki. In sun matsa sai na ce wani abu, nakan ce masu ladabin nan na san shi, a gidanmu aka fi kowa, kuma ni aka ba in biya kuɗinshi.