Zanen da Zalika Ta Hana a Yanka

Hajiya Zalika 'yar Maraɗi ce, tana saro atamfa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Duk inda za ta, akwai tsohon zane mai furen tumfafiya a jakarta, wanda uwarta ta goya ta da shi. Ta gaji da atamfofi masu furannin da ba sa tsirowa a garinsu, sai ta kai shi masana'anta a buga irinsa.

Mai masana'antar ya jawo almakashi zai yanki samfur, yadda suka saba. Zalika ta ɗora hannunta a wurin.

Tafintan da ke yi musu fassara ya ce, "Hajiya, ɗan ƙyalle ne kawai. Sai da shi ake bugawa."

Ta ce, "Gaya masa ya fara da yatsun nan. Zanen ya girme su."